Farin Fenti a Duron Inna

Shekarar da Baba ya shafe gidanmu na garin Isa da farin fenti, har saman soro da indararo, mai wucewa sai ya runtse ido. Na riƙa gaya wa ƴan ajinmu cewa daga ƙauyen Kamarawa ana hango mu.

Sai ruwan fari ya sauka. Mu kuwa na indararo muke tarawa a duro mu sha, don rijiyarmu zartsi ce, mai daɗin kuma tana bayan gari, inda yanzu ba mai aika ɗansa saboda ƴan bindiga. Na leƙa duro, na ga ruwa fari fat.

"Inna, Allah ya kawo muna nono, saura fura!"

"Rufe min baki, ja'iri."

Ta jefa alam, ta tace da kallabi, ruwa ya kwanta garau.

A makaranta dariyata ta ƙare. Na ba malamin kimiyya labarin don aji ya yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce fentin waje yana sakin ƙwayoyin da ido ba ya gani, ruwan sama ya wanko su, tsumma kuma ba ya tare su. Na ce in an sha fa? Ya ce har yanzu ba a gama sani ba. Sai na tuna gida. Autarmu, da aka yaye kwanan nan, da ruwan duron ake dama mata koko.

Na iso gida ina haki, na iske Inna da moɗa a bakin duro.

"Inna, kada ki ba ta wanga ruwa!"

"Kai da kac ce jiya ka ga kura cikin masai?"

"Wallahi yau ba wasa ni kai ba. In bayan gari ne, za ni tafi."

Ta dube ni. Ta dubi Auta, ta dubi ƙofar gida.

"Ba inda za ka."

Da la'asar hadari ya haɗo. Inna ta buɗe kabet, ta fito da kwanonin jerenta, waɗanda ko kallon su ka yi sai ka sha rankwashi. Muka jera su a tsakar gida, nesa da bango, ruwa na faɗa musu kai tsaye daga sama. Wanda ya taru bai cika tulu ba. Inna ta rufe shi da faifai, ta ce na Auta ne, mu manya mu sha zartsi.

Ni dai na tsaya ina duban gabas, ina roƙon gobe ma a yi hadari.