Jar Saniyar Kawu a Ɗakin Duhu

Mun tashi da asuba daga Sae Sabuwa, mu uku a tsohuwar motar ma'aikatar kiwo: ni, da direba, da wata ɗalibar jami'a da aka haɗa ni da ita. Bincike take yi a kan wani sinadari wai shi melatonin, wanda jikin dabba ke yi idan duhu ya shiga. So take ta gani ko yana taimaka wa ƙwayayen haihuwa na cikin saniya su girma. Nawa aikin, in kai ta mayanka, in lallaɓi mahauta su yanko mana gidan ƙwan shanu, mu zuba a filas na ruwan gishiri mai ɗumi. Shekara ashirin ina yi wa shanu allura, jama'a, ga inda na ƙare.

Rairayi muka sha har muka hau kwalta, direba yana zagin motar kamar tana ji. Gero ya yi kai, amma zangarniyar duk ƙanana. A Cadawa muka karya da ƙosai da shayi. Na taya damin harawa, mai ita ya ce jika guda, sefa dubu ke nan, na ce ko da nama a ciki? Bai yi dariya ba. Muka shaida wa mahauta gobe da safe muna nan tafe, muka miƙe Gangara.

Can Kawu yake, ƙanin mahaifiyata, a wani ƙauye bayan gari. Kakanninmu da garke suka gangaro daga arewa, yau gona ɗaya ta rage masa, sai jar saniya mai karyayyen ƙaho. Ita ma ba tasa ba ce. Wani amininsa Bafillace ya ba shi habbanaye, wato aron saniya: ka kiwata ta, 'ya'yan da ta haifa naka ne, uwar ta koma ga mai ita. Shekara uku ko ɓari ba ta yi ba. Mai ita ya ce in damina ta wuce ba ta ɗauka ba, zai karɓi abarsa.

Da muka isa ban ga saniya a turke ba. Kawu ya ja hannuna yana murmushi har bayan gida, ƙofar ɗakin da yake ajiye kayan noma. An toshe taga da tsumma, an rataya buhu a ƙofa. Warin fitsari ya tarbe mu.

"Kawu, mene ne haka?"

"Ai kai ka faɗa mani, ɗan nan. Ka ce maganin haihuwar nan duhu ke yin shi. Tun shukar fari saniyar take cikin ɗakin nan, ko rana ban bari ta gani ba."

Ni ne. Farkon damina na yi masa waya ina cika baki a kan binciken, don ya san ɗan 'yar'uwarsa yana hulɗa da masu ilimi. Duk daminar nan da shanun gari ke fita su ci ɗanyar ciyawa, bijimi yana cikinsu, ita tana kulle tana cin abin da tsoho ya iya yankowa da lauje.

Muka fito da ita tana runtse ido, haƙarƙari a waje. Na sa safar hannu na duba ta. Babu ciki. Gidan ƙwan ya tsuke kamar ƙwayar gujiya, kuma yunwa ke sa haka. Ɗalibar ta durƙusa ta yi wa Kawu bayani a hankali, cewa duhun dare ya ishi dabba, sinadarin nasu kuma har yanzu a cikin kwalba suke gwada shi. Ya dubi filas ɗin da ke hannunta.

"To wanga fa? Ba allurar ba ce kuka kawo?"

Na ce a'a, Kawu. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Bayan la'asar mai saniyar ya zo. Ya zagaya ta sau ɗaya, bai yi faɗa ba. Na roƙe shi ya ƙara wata shida, ni zan sayi dusa. Ya ce iyalinsa ma hatsi suke jira, juya kuma ba ta da wurin zama a bana. Kawu da kansa ya kwance igiyar ya miƙa masa.

Washegari muka sammako mayankar Cadawa. Shanu huɗu aka kayar. Ina cikin rubuta lamba a jikin filas sai na hangi kai a jingine da bango, ja, ƙaho ɗaya a karye. Mahaucin ya miƙo mini abin da muka zo nema a tafin hannunsa, yana cewa wannan ba ta da kitse ko na shafawa. Na karɓa. Ita ce lamba uku.

Ba mu tsaya cin komai ba, don ƙwan ba ya son jira. Muka sauke ɗalibar a ɗakin bincikenta, na iso gida da azahar. Ban jima ba ta kira ni, ta ce lamba uku cike take da ƙananan ƙwayaye masu rai, ba juya ba ce. Da ta sami ciyawa da bijimi, da wataƙila yanzu ana maganar maraƙi.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Na ɗauki rabin ilimi na kai wa mutumin da ya yarda da ni, shi kuma ya yi aiki da shi da zuciya ɗaya. Da na yi shiru, da ya saki saniyar ta bi 'yan'uwanta.

Ɗazu Kawu ya kira. Bai san ta bi ta hannuna ba. Tambaya ɗaya ya yi.

"Ɗan nan, gaya mani gaskiya. Ko duhun ne bai isa ba?"