Kiɗa na Uku da Kunun Yaye

A cikin bas muka sami faifan. Maigidana direba ne, Ɗambatta zuwa Kano, kuma da aka ba shi wata tsohuwar mota da ta zo daga waje, sai ya tarar da shi a rediyonta. Fasinja suka ƙi shi, wai kiɗa ne ba waƙa. Ya sa aka juye mini a memori, ya ce jaz ake kiransa.

Karatuna bai yi nisa ba, amma ina da kunne. Mai fiyano, abin kiɗan nan da ake dannawa da yatsu, shi ke jan sauran makaɗan. Hannunsa ɗaya yana tafiya kamar mai dakan da ba ta gaggawa, ɗayan yana ta tsokana, ƙaho yana mayar masa. A kiɗa na uku akwai inda kowa yake tsayawa a bar ganga ita kaɗai. Da shi nake ba 'yata kunu kullum da hantsi, kuma na lura daidai wurin nan take buɗe baki.

Da ta isa yaye, Inna mahaifiyata ta zo ta tafi da ita ƙauyenmu, wajen Tsanyawa. A al'ada uwa ba ta bin 'yar yaye. Ga shi 'yar fari ce, ko tambayar lafiyarta abin kunya ne a wurina. Kwana biyu sai ga saƙo, yarinya ta ƙi cin komai. An gwada fura, an gwada ƙwai, har rubutu an ba ta. Ranar gero nake sheƙa, na zubar da rabi a ƙasa.

Ban je ba. Na miƙa wa maigidan 'yar rediyona da memorin a ciki na ce, "Ka ce wa Inna na uku, da hantsi. Ta riƙe ludayin sai ta ji ganga kaɗai."

Da yamma Inna ta kira ni.

"Ke, da tsufana zan zauna jiran makaɗi ya ba ni izini? Ku tara na yaye, wa ya yi mini fiyano?"

"Inna, ki dai gwada."

"Mutumin ma ko sunansa kin sani?"

"Ban sani ba. Amma ita yarinyar na san ta."

Washegari da azahar ta sake kira. Ba ta ko amsa gaisuwata ba.

"Ta sha rabin kofi, ta ƙara da dankali. Yanzu ga ta can tana bin kaji. Ki ce wa mijinki ya taho da batir, wannan ya fara shaƙewa."