Ciwon Amare a Gidan Tsohon Soja

Har gobe ban manta da ranar da aka kawo mini shari'ar aure a ɗakin awon fitsari ba. Shekarun da suka biyo bayan babban yaƙin Turawa ne, lokacin da sojojinmu ke ta dawowa gida da manyan akwatuna da Faransanci rabi da rabi. Ina ƙaramin anfirmiye a gidan likita na Magarya, wato mai taimaka wa likita. Ni ne wankin miki, ni ne allura, ni ne leƙa madubin awo, kuma ni ne tafinta, don likitanmu baƙar fata ne daga can bakin teku, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "ina ke ciwo?" ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi mutum uku suka iso daga wajen Bande. A gaba Malam Tanko ne, dattijo mai farin gemu, ya ɗaure jakinsa a gindin bishiyar bedi. Bayansa 'yarsa Rabi, mace cikakkiya, uwar 'ya'ya. Can baya kuma, nesa da su, mijinta Ilu, ƙaton tsohon soja, ya riƙo takalmansa a hannu saboda kunyar suruki.

Dattijon ne ya yi magana. Ya ce shekarun da Ilu ya yi a soja, Rabi ko ciwon kai ba ta yi ba. Ya dawo, ko mako biyu ba a cika ba, sai ga zafin fitsari kamar an zuba barkono, da ciwon mara, da zaryar bayan gida. Mata suka taru suka yanke hukunci: ciwon sanyi ne, tsarabar matan bariki. Rabi ta kwashe kayanta ta koma gidan ubanta. Ilu ya yi rantsuwa har muryarsa ta dushe, ba wanda ya saurare shi.

"Ɗan nan," in ji Malam Tanko, "an ce kuna da madubin da ke ganin abin ɓoye. A duba. In ya kawo mata cuta, daga nan gidan alƙali muka nufa."

Ku ma'aikatan asibiti na yanzu kuna da ɗakunan awo masu sanyi. Mu a lokacin, madubi ɗaya gare mu, da hasken rana yake aiki, sai an kai shi bakin taga. Ƙa'idar ita ce a ba mutum kwalbar da aka dafa, ya wanke jikinsa, ya bar farkon fitsarin ya zube, ya tari na tsakiya. Sai in juya shi a 'yar na'urar hannu har gurɓin ya kwanta, in ɗiga a gilashi in leƙa. Wanda ake zargi da ciwon sanyi kuwa, ban da fitsari, sai an shafo ruwan da ke fita daga gabansa an rina shi da shuɗin magani, don ƙwayoyin wannan cuta kamanninsu daban ne, bibbiyu suke zama.

Rabi ta karɓi kwalbarta ta bi ungozoma ba gardama. Sojan ne ya ba ni aiki. Mutumin da ya ce ya kwana cikin ruwan harsashi, ga shi ya karɓi kwalba ya ƙi motsawa daga wurin. Ya ja ni gefe ya ce, "Likita, na rantse ban kusanci kowa ba. Amma a jirgin ruwa bargo ɗaya muka riƙa rufa da wani ɗan Bamako. Madubin nan yana rarrabe wannan?" Na ce yana rarrabewa, ya kwantar da hankalinsa.

Na duba, likita ya sake dubawa. Na Ilu tas, ba komai. Na Rabi akwai mugunya da ƙananan ƙwayoyin cuta irin na hanji, amma ba na sanyi, ba kuma ƙwan tsargiya, wadda ita muka fi gani a ƙasar nan saboda wankan tafki.

Likita ya tara su ukun, ya gyara tabarau, ya kama bayani da Faransanci hankalinsa kwance. Ya ce hanyar fitsarin mace gajeruwa ce, ƙwayoyin da ke jikinta na yau da kullum ba su da wuyar hawa su shiga mafitsara. Ya ce saduwa tana tura su ciki, musamman in an daɗe ba a haɗu ba sannan aka yawaita, shi ya sa aka fi ganin ciwon ga sababbin amare. Ya ce ba cutar da miji ya ɗauko a waje ba ce. Sannan ya dube ni ya ce in fassara duka.

Yaya zan buɗe baki in gaya wa dattijo, a gaban 'yarsa da surukinsa, cewa abin da ya kwantar da ita yawan marhabin ne? Ilu kuwa ya ji Faransancin sarai, ya sunkuyar da kai har haɓarsa na taɓa ƙirji.

Na ce, "Baba, likita ya ce surukinka ba shi da komai. Ko za ka ɗan sha iska a waje, mu ƙarasa da su?"

Ya ce, "Ba inda za ni. In ba shi da komai, daga ina ciwon ya fito? Likita ya yi magana mai tsawo, kai ka ba ni guntuwa."

Na yi ta kewaye. Na kawo zancen zafin rana, na kawo ƙarancin shan ruwa, na kawo riƙe fitsari a gona. Duk gaskiya ne, amma dattijon ya ce shekarun baya ma ai ana rana. Da na ga aure zai mutu a kan kunyata, sai na kafa idona a bango na ce, "Baba, sunansa ciwon amare. Ya fi kama macen da ba a daɗe da kai ta ɗakin miji ba. Ko wadda mijinta ya dawo daga doguwar tafiya."

Malam Tanko ya dubi rufi, ya shafa gemu, ya yi gyaran murya. Can ya miƙe ya ce, "Kamar na ji jakin nan ya kwance." Jakin kuwa ina hango shi ta taga, yana tsaye yana gyangyaɗi.

Bayan ya fita na ba Rabi ƙwayoyin sulfamid, na ce ta shanye su duka ko ta ji sauƙi, ta yawaita ruwa, kada ta riƙe fitsari, kuma bayan kwanciya ta tashi ta yi fitsari ta yi tsarki. In zazzaɓi ko ciwon kwiɓi ya zo, ta dawo da gaggawa, don yana iya hawa ƙoda. Tana ji, mayafi a baki. Sai na ga hawaye. Ta ce da ni a hankali, "Likita, shekarun nan duk na jira shi. Da na ji zafin nan, ba marar ce ta fi ciwo ba." Tausayinta ya kama ni.

Ta share ido, ta juya wajen mijin ba ta dube shi ba. "Kai kuma, Malam, sai ka je ka kwaso mini kayana. Amma zaure za ka kwana har magani ya ƙare."

Ilu ya ƙame, ya buga ƙafa ba takalmi, ya sara mata.

Abin da na ɗauka daga ranar nan, wanda nake so ku ma ku riƙe, shi ne awo bai ƙare a kan madubi ba. Mai zafin fitsari sau da yawa da zargi yake zuwa, ko ana zarginsa ko yana zargin wani. In ka ce masa "ba komai" ka ba shi ƙwaya, ciwon zai tafi, zargin ya zauna a gidan. Sai ka daure ka faɗi daga inda abin ya fito, ko da bango za ka duba kana faɗa.