Sunan da Aka Bar wa Nomau

"Wai gobe suna, har yanzu ba wanda ya san sunan?"

"Ina za a sani, uban yana hannun masu kaki?"

"An ce ya bar wa Nomau."

"Nomau sanƙira? To, an ajiye asiri cikin ganga."

Mata biyu ne a layin famfo. Nomau yana jinsu ta bayan katangarsa ta gwangwani, bai leƙa ya ga ko su waye ba. Ya zura takalmi ya fita, ya kai bakin titi, ya dawo, ya sake fita. Tun da aka tafi da Attaher, uban jaririn, haka yake, zama ya gagara, tsayuwa ta gagara.

Nomau mutumin Adar ne. Shekarar da fari ya cinye musu gona da awaki ya hau bayan kamiyo, babbar motar kaya, ya nufo Arlit, lokacin da ake cewa ko shara kake yi a garin sai ka ci nama. Direban kamiyon shi ne Attaher, Ba'abzine mai ƙarancin magana, wanda ya shayar da shi daga salkarsa a hanya, ya kuma nuna masa inda zai kafa bukka a unguwar Bukoki, jikin tasa. A kamfanin uraniyom ba a ga ƙarfi a jikin Nomau ba, murya aka gani. Sai aka sa shi bakin ramin haƙa: in za a tashi nakiya, shi ke kewayawa yana shelar a kauce. Tsofaffin leburori sukan ce jiniya ma takan yi shiru ta saurare shi. Da kasuwar uraniyom ta faɗi aka sallami mutane, ya fito da bargonsa da muryarsa, ya zama sanƙiran unguwa. Ɗaurin aure, ɓatan akuya, raɗin suna, duk nasa ne. Liman ya raɗa a hankali, Nomau ya ɗauka ya watsa wa duniya. Abin taƙamarsa guda ne: bai taɓa haɗiye suna ba, bai taɓa lanƙwasa shi ba.

Ranar da aka yi haihuwar, Attaher ya same shi da butar shayi. Tawaye ya rufe hanyoyi, kamiyo na fake ba aiki.

"Matata ya sauka," in ji shi. "Namiji."

"Ta sauka dai. Shekara da shekaru kana cin tuwonmu, har yau ba ka raba mace da namiji ba?"

Attaher ya yi murmushi bayan rawaninsa, sannan ya faɗi sunan: Kawsan. Kofin Nomau ya tsaya a hanya, bai kai baki ba.

Ba wanda ya zauna arewa bai san sunan nan ba. Shi ne wanda ya ɗaga yaƙi da Nasara 'yan mulkin mallaka zamanin kakanni, ya yi wa Agadas zobe. Amma tsofaffin Abzin in suka tuna shekarar, abin da ya biyo baya suke tunawa: lambunan da suka bushe, raƙuman da aka kwashe, malaman da aka kashe, jama'ar da aka kora kudu a ƙafa. Samarin yanzu kuwa kirari suka mai da shi. A bakin bariyar sojoji, inda suke tare hanya, wanda ya furta shi kamar ya ce ga ni, ɗan tawaye.

Attaher ya ce shi ba ruwansa da wannan ko wancan. A gudun nan aka haifi mahaifinsa, gindin wani dutse, mutane suka riƙa kiransa da sunan shekarar, shekarar Kawsan. Ya rayu da shi har tsufa, mai lambun albasa, bai taɓa riƙe abin da ya fi fartanya ba. Abzinawa ba sa ambaton sunan mamaci, amma Attaher ya daɗe cikin Hausawa, ya ga yadda suke mayar wa ɗa sunan uba, abin ya shiga ransa.

"Sau guda za ka faɗa," ya ce. "Daga nan Abba za a riƙa ce masa, yadda kuke yi."

Washegari motar masu kaki ta shigo Bukoki aka kwashi direbobi, har da shi.

Kande, matar Nomau, ba ta ga abin wahala ba. Ta ce ya ce Hasan mana, tsakanin Hasan da wancan ai tuntuɓen harshe ne, kuma wa ya ji lokacin da aka gaya masa? Ta tuna masa cewa su baƙi ne, faɗan nan ba nasu ba ne, ranar suna kuma ba a rasa masu kai rahoto. Nomau bai musa ba. Shi kansa ya gwada Hasan ɗin a bayan gida, ya ji ya fita sumul. Abin da ya dame shi ke nan.

Ya zaga gidan Attaher wajen tsohuwa Dassin, uwar Attaher, yana fatan ta hana, ya huta. Ya same ta tana gyaran tabarma. Ya tambaye ta ko ta san abin da ɗanta ya zaɓa. Ta ja mayafi ta rufe baki. Ta ce ta san ɗanta, ta san abin da zai zaɓa, amma ba daga bakinta ba: mijin nan yana raye ba ta kira shi ba, balle yana ƙasa. Tun da aka binne shi ba ta sake jin kowa ya ambace shi ba.

"Ni sunan ba na so," ta ce. "Mai sunan kam…" Ta koma kan tabarmarta.

Ranar suna da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka raba goro da dabino. Mahauci ya danne rago yana jira, don ba a sa wuƙa sai suna ya fito. A kusurwa samari masu rawani sun yi cirko-cirko. Can ƙarshen layi, wajen mai shayi, motar masu kaki na tsaye, ɗaya ya ɗora ƙafa kan taya yana kallon taron.

Liman ya tambayi wanda uba ya wakilta. Nomau ya durƙusa ya raɗa masa. Liman ya dube shi, ya dubi ƙarshen layi, ya tambaye shi a hankali ko ya tabbata haka ya ji. Nomau ya ce haka ya ji. Aka yi addu'a, aka shafa fatiha, idanu suka dawo kansa.

Ya miƙe. Hasan na nan a kan harshensa, a shirye. Ya dubi samarin, ya san in suka yi sowa an gama. Ya ɗaga musu hannu alamar su natsu. Zai faɗa da kakan yaron, da lambunsa, da albasarsa, kowa ya fahimci abin da ya ga dama. Ta kafar zana ya hango gefen baƙin mayafi, can nesa da ƙofa, bayan sauran mata.

Ya gyara murya.

"Inna Dassin, don Allah matso kusa da ƙofa ki ji. Sau guda za ni faɗin shi."