Ba Umara da Sabuwar Gireda

A unguwar Mafoni, in ka tambayi gidan Umara Kyari sai ka sha yawo kafin a gane wanda kake nufi. Amma ka ce Ba Umara mai gireda, wato Baba Umara, ko mai ƙosan bakin titi za ta miƙa hannu ta nuna maka lungun. Gida ne mai ɗaki uku, biyu a kulle, da bishiyar dogon yaro a tsakar gida wadda ganyenta ke zuba ba mai sharewa sai ran Juma'a. Shi kaɗai ne a ciki.

Da shebur ya fara aikin hanya, yana watsa marmara a rana, har wani tsohon direba ya lura da yadda yake tsayawa yana kallon gireda kamar zai haɗiye ta, ya ce masa ya hau. Gireda dai ita ce doguwar motar nan mai ƙafa shida, da faffaɗan ƙarfe a ƙarƙashin cikinta wanda ma'aikata ke kira wuƙa. Da wuƙar take aske ƙasa, ta baje marmara, ta fitar wa hanya ɗan doro a tsakiya don ruwan sama ya gangara dama da hagu. In doron ya yi yawa, mota ta riƙa tafiya a karkace. In ya yi kaɗan, ruwa ya kwanta, damina guda ta cinye aikin shekara. Liba takwas ce a gaban direba, wato sandunan sarrafa wuƙar, hannu kuma biyu. Umara ya kan ce shi ba da ido yake gane hanya ta karkace ba, a ƙugunsa yake ji.

Sai dai bai taɓa yin aikin shi kaɗai ba. A gefen gireda, cikin ƙura, kullum akwai Othniel, mutumin Biu, mai kula da turaku. Safiyo, mai awon ƙasa, zai auna, a kakkafa turaku a ɗaura musu jan ƙyalle, Othniel kuma ya bi da igiya da abin awo, yana duba ko wuƙa ta ci daidai. Ƙarar inji ba ta barin a ji magana, don haka da hannu suke hira. In ya kifa tafin hannu, a sauke wuƙa. In ya ɗaga yatsa biyu, a ɗaga ta kaurin yatsa biyu. In ya dunƙule hannu, a riƙe nan, kada a motsa. Shekara ashirin da bakwai suka yi a haka. Da azahar sai su nemi inuwa, Umara ya buɗe kwanon burabuskon da matarsa Ya Fanna ta zubo masa, wanda kullum na mutum biyu ne. In ya tashi salla, Othniel ya zauna yana korar awaki daga bakin kwanon. Ba sa kiran juna da suna. Wannan Baban Kezia, wancan Baban Rahmat.

Da shekarun tashin hankali suka zo, hanyoyin wajen gari suka rufe, aka ajiye gireda tayoyinta suka sace a tsaye. A cikin waɗannan shekaru hawan jini ya kwantar da Ya Fanna, ta yi wata huɗu ta cika. Rahmat ta yi aure a Kano. Habib, ƙanenta, ya tafi kudu yana tuƙin tanka. Duk Juma'a Rahmat kan bugo waya.

"Baba, don Allah ka rufe gidan nan ka taho wurinmu."

"In aiki ya ƙare, Rahmat."

"Wane aikin kuma, Baba?"

Sai ya yi dariya ya tambaye ta jikokinsa.

Aikin kuwa ya dawo. Da abubuwa suka lafa, wani kamfani ya karɓi gyaran wata hanyar karkara mai kilomita goma sha huɗu a yankin Konduga, aka rasa tsofaffin hannu, aka aiko Mafoni. Umara yana da shekara sittin da ɗaya. Ko hula bai tsaya canzawa ba ya tari keke sai unguwar Gomari, ya sami Othniel a ƙofar gida yana gyaran ƙafar benci. Sai da ya ɗaga murya sau biyu kafin Othniel ya ji, don shekarun tafiya a gefen inji sun ci masa kunne.

"Aiki, Baban Kezia! Aiki ya samu!"

Washegari tare suka je filin kamfanin, Othniel da tsohuwar igiyarsa a aljihu.

Giredar da suka tarar sabuwa ce fil, rawaya, da ɗakin direba na gilashi a rufe ruf. A ƙarshen wuƙa dama da hagu an kafa dogayen sanduna biyu, kowace da farin abu a kanta kamar an kifa tasa. Injiniyar aikin, wata matashiya mai suna Khairunnisa, ta gaishe su da ladabi, ta hau da Umara ta nuna masa wani ɗan allo a gefen sitiyari.

"Baba, duk hanyar tana cikin nan, an riga an zana ta, tudunta da gangarenta. Waɗancan tasoshin biyu suna karɓar saƙo daga tauraron ɗan adam, su gaya wa mota inda bakin wuƙa yake. Kana danna wannan maɓallin, wuƙa za ta riƙa ɗaga kanta tana sauke kanta. Kai dai ka riƙe layi, ka kula da gudu, ka kula da yawan ƙasar da take turawa."

"To turaku fa, 'yata?"

"Babu turaku, Baba."

Umara ya leƙo ta gilashi. Othniel na tsaye a ƙasa, ya ɗaga kai yana murmushi, yana jiran a ce masa ga inda zai fara.

"Shi kuma fa?"

Khairunnisa ta sunkuyar da kai. Ta ce wallahi ba ta da gurbi, mutum ɗaya ne mai awo yanzu, shi ma da na'ura yake yi.

Da suka sauko, Othniel ya matso ya ce, "Me ta ce?"

Maganar da ta kamata a faɗa a hankali, ita Umara ya faɗa da ƙarfi a bakin kunnen abokinsa, leburori na ji. Othniel ya dubi sandunan nan biyu sama da ƙasa. Sannan ya yi 'yar dariya.

"To, sun hutar da ƙafata. Ka yi aikinka, Baban Rahmat."

Umara ya ce zai raka shi titi, Othniel ya ɗaga masa hannu alamar ya zauna. Ya fita ta ƙofar filin a hankali, bai waiwayo ba.

Aka fara aiki. Ƙarfe takwas sukan bar gari a jere da rakiyar sojoji, kafin la'asar kuma kowa ya haɗa kayansa. Ɗakin gireda sanyi ƙalau, babu ƙura, ƙarar inji ma can ƙasa-ƙasa ake jinta. Umara zai danna maɓalli, koriyar fitila ta kama, ya ji wuƙa na motsi a ƙarƙashinsa ba da izininsa ba. A makon farko hannunsa ya riƙa zabura zuwa liba, yana janye shi. Wuyansa ma ya ƙi daina juyawa hagu, inda a da mutum ke tafiya. Yanzu ba abin da yake gani sai gonakin wake da kututturen itatuwa. Abokan aikin duk sa'o'in Habib ne. Sukan ce masa "Wushe, Ba Umara", wato sannu, da girmamawa, su ba shi wuri mai inuwa, sannan kowa ya koma kan wayarsa. Daga baya ya daina saukowa cin abinci. Yakan sayi shinkafa da wake a leda tun daga gari, ya ci a kujerarsa, ya sauko salla kawai.

Kuma aikin na kyau, wannan bai taɓa musu ba. Abin da a da sai an bi sau biyar, yanzu sau biyu ya isa. In ya waiwaya ya ga shimfiɗar da ya bari a baya, sumul kamar an goge da hannu, sai ya rasa wa zai yaba wa.

A kilomita ta tara hanyar ta yi kwana ta zagaye wata fadama. A irin wannan wuri ana karkatar da hanya gefe guda, don mota ta sha kwana ba ta fita ba, ruwa kuma ya sami mafita. Yana shiga kwanar sai ƙugunsa ya ce masa karkatar ta yi kaɗan. Ya dubi allo, allo ya ce daidai. Ya ƙara gaba, ƙugunsa ya nace. Injiniya tana can baya wajen kwalbati. Umara ya yi bisimilla, ya kashe maɓallin, ya buɗe ƙofa iska mai zafi da ƙura suka shigo, ya damƙi liba.

Rabon da ya ji daɗin aiki irin na ranar har ya manta. Yatsunsa suka tuna komai. Ya tsaya a tsaye kamar yadda ya saba, yana leƙen bakin wuƙa, ƙasa na naɗewa tana zubewa gefe. Ya bi kwanar sau huɗu, ya tsaya ya share gumi, ya kalli aikinsa ya gyaɗa kai.

Bayan azahar Khairunnisa ta iso da sandar awonta. Ta dafa nan ta duba, ta dafa can ta duba, ta koma ta sake. Sai ta aiki leburorin da ke kusa su je su taya masu kwalbati, ta zo gindin gireda ita kaɗai.

"Baba, an kashe na'ura a nan?"

"Ni na kashe. Karkatar da take bayarwa ba ta isa ba."

"Baba, ka yi haƙuri. Cikin kwanar ya sauka da yatsa uku, kuma bai tafi daidai ba. Akwai kwari a tsakiya. Ruwa zai zauna."

Ya sauko, ya durƙusa, ya kwantar da kunci kusa da ƙasa yana hangen shimfiɗar. Bai ga komai ba. Ya ce a kira motar ruwa. Aka kira, aka buɗe famfo. Suna tsaye su biyu ruwan ya gangara, ya gangara, ya zo daidai inda ta nuna ya kwanta, ya yi ɗan tafki har gajimare na fitowa a ciki.

Umara ya daɗe yana kallo.

"Ba laifin hannunka ba ne, Baba," in ji ta a hankali. "Ko wane ne, in ba turke ba mai nuna masa, sai ya kauce."

Ta faɗa ne don ta sanyaya masa rai, amma maganar ta shige shi ta wani wuri daban. Shekara da shekaru ana cewa babu kamar Umara a fitar da doro, shi ma ya yarda, yana cewa ƙugunsa ne. Ashe duk lokacin da ƙugun ya yi masa ƙarya, akwai hannun da ke ɗagowa daga cikin ƙura ya gyara shi, kuma mai hannun bai taɓa cewa a raba yabon da shi ba.

Ya hau, ya rufe ƙofa, ya danna maɓalli. Bi biyu ya gyara kwanar. Khairunnisa ba ta kai maganar gaba ba.

Ran Lahadi da yamma, lokacin da ya san an taso daga coci, ya tafi Gomari da maganar a bakinsa. Ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabciyar gidan, Talatu, ta fito tana goge hannu a zane.

"Ayya, Baba, ai ya tafi yau mako uku. Kezia ce ta zo ta ɗauke shi, sun koma Biu. Ya ce in ka zo a gaishe ka."

Ta ba shi lambar Kezia. A nan bakin ƙofar ya buga. Kezia ta gaishe shi da murna, ta ce bari ta miƙa wa Baba.

"Baban Kezia! Umara ne!"

"Wa? Wane ne?"

"Umara! Baban Rahmat!"

"Ba na ji. Kezia, zo ki ji me ake cewa."

Kezia ta karɓa. Ya ji tana ɗaga murya tana faɗa wa uban, ya ji dariyarsa daga nesa. "Ya ce yana gaishe ka ƙwarai, Baba. Ya ce ya aiki? In da saƙo ka gaya mini in faɗa masa."

Umara ya dubi Talatu da ke tsaye, ya dubi kwaɗon. Wannan ba maganar da za a bai wa 'ya ta ƙwala wa ubanta a kunne ba ce.

"Ki ce masa aiki lafiya lau. Ki ce masa Allah ya bar zumunci."

An gama hanyar kafin ruwan farko. Kamfanin ya ce yana son ya ci gaba da su a wani aikin bayan damina, ya ce to. Rahmat ta yi fushi kwana biyu, ta huce.

Wata Asabar ya sa farar riga, ya je Tashar Bama ya shiga motar haya mai zuwa ƙauyen da hanyar ta ƙare. Bai taɓa bin ta a matsayin fasinja ba. Kusa da shi wata mata ce da kiret biyu na ƙwai a cinya. Suna barin kwalta ta ƙanƙame su, da ta ji motar ba ta girgiza sai ta saki hannu, can kuma gyangyaɗi ya ɗauke ta. Wani mai hula a gaba ya juyo yana cewa ai wannan hanya kwamfuta ce ta yi ta, ba hannun mutum a ciki, ƙanensa ya gani da idonsa.

"Ko ba haka ba, Baba?" ya tambayi Umara, don shi ne babba a motar.

"Haka aka ce," in ji Umara.

A ƙauyen ba wanda ya sani. Ya yi azahar a masallacinsu, ya zaga 'yar kasuwar, ya sayi kankana guda, ya shiga motar da ke komawa. Sai da ya iso Mafoni ya yanka ta ya ga ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Ya cire yanki biyu, ya zuba sauran a tire ya miƙa gidan maƙwabta, sannan ya jawo tabarma ya zauna ya ci nasa.