Tsohuwar da Ke Shafa Fuskar Yara

Lokacin ɗari a Allakaye, da an gama tuwon magariba sai kakarmu Hajo ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta. Shekaru kaɗan ne bayan samun 'yancin kai, ina ajin farko a lekol, makarantar boko. Mu bakwai ne jikokinta, amma ƙanwata Dije ce kullum ke samun cinyarta.

A shekarar ce baƙon dauro ya shigo gari. Wani maraice Dije ta tambayi abin da ya hana ƙawarta fitowa wasa. Kaka ta daɗe tana gyara wuta kafin ta ce, "To, ga ta nan. Ku matso."

Wai wata tsohuwa ce matafiya, ba ɗa ba jika. Gida gida take bi tana roƙon ruwa, duk yaron da ya miƙa mata ƙwarya sai ta shafa masa fuska. Wasu ta bar su kwance su tashi, wasu ta goya su ta wuce. Wanda ta taɓa shafawa ba ta sake kallonsa. In ta zaga gari ta ga duk fuskokin ta san su, sai ta ɗauki sandarta.

"Ta tafi ke nan, Kaka?" in ji Dije.

"A'a, ɗiyata. Bayan dutsi taka zama, har a haihi waɗanda ba ta sani ba."

Kafin bazara mun koma biyar. Tabarma ɗaya muka kwanta ni da Dije, idanunmu a manne, jiki kamar garwashi. Ni kaɗai na tashi. Kaka ta ci gaba da hura wutarta, amma ba ta ƙara ɗora kowa a cinya ba.

Na girma na karanci kimiyyar fizik. Abokan karatuna suka bi nazarin taurari, ni kuwa na ɗauki lissafin yadda ƙwayoyin iska ke karo da juna na juya shi kan cututtuka. Duk aikin rayuwata abin da Kaka ta faɗa ne: annoba na lafawa in waɗanda ba su taɓa kamuwa ba sun ƙaranta, ta dawo in haihuwa ta cike gurbi. Da wannan ake sanin lokacin rigakafi, na kuwa gode Allah.

Abu ɗaya ne har yau ban saba da shi ba. A lissafin farko da nake koya wa ɗalibai, wanda ya warke da wanda ya rasu harafi ɗaya ake ba su, tunda dukansu ba sa yaɗa cutar. Ni da Dije ke nan. In na zo rubuta shi a allo nakan tsaya, ɗalibai su zaci na manta abin da ke gaba.