Kalmar da Ta Kusa Hana Ni Aure

Shekarun baya, lokacin ina neman auren matar da nake tare da ita yanzu, wata kalmar Turanci ta kusa rusa mini komai. Abin haushin kuma, ba daga bakina ta fito ba. A lokacin ko ma'anarta ban sani ba.

Sana'ata gyaran famfon tuƙa-tuƙa da rijiyar burtsatse. Duk ƙauyen da ruwa ya tsaya, can za ka same ni da jakar sifanoni, wani lokaci har in kwana. Amma gida ina da shi, a unguwar Jiddari Polo, inda nake zaune da mahaifiyata.

Ranar da za ni gaida mahaifin yarinyar a unguwar Umarari, na ɗauki abokina ya raka ni. Tare muka tashi, shi ya yi nisa a boko, ni na tsaya a sakandare. Mutumin kirki ne, sai dai idan ya tsinci sabuwar kalmar Turanci ba ya samun sukuni sai ya jefa ta a kan wani.

Muka tarar da dattijon a kan tabarma a zaure, tare da babban ɗansa, wato yayan yarinyar. Muka durƙusa, aka yi ta wushe-wushe ana gaisawa, aka kawo ruwa. Can dattijon ya dube ni ya ce, "Yaro, mece ce sana'arka, kuma a ina ake samunka?"

Na buɗe baki ke nan abokina ya riga ni. "Ai Baba, wannan nomad ne. Cikakken nomad."

Ni har murmushi na yi. Na ɗauka wani muƙami ne, irin injiniya.

Dattijon ya juya wurin ɗansa. "Me ya ce?"

Yayan ya ce, "Wai mutumin da ba shi da mazauni ne, Baba. Yau yana nan, gobe yana can."

Dattijon bai sake kallona ba. Ya ce mun kyauta da muka zo, Allah ya yi albarka, ya miƙe ya shige gida. Ko ruwan ban ƙarasa sha ba.

Muna fitowa na tare abokina a bakin titi. "Me ka kira ni a gaban surukina?"

"Yabonka na yi! A wurin Turawa yanzu abin alfahari ne, mutum ya riƙa aiki daga gari zuwa gari."

"Ka ga Bature a zauren nan?"

Ya ce ba laifinsa ba ne idan an yi mummunar fassara.

Washegari yarinyar ta kira ni tana kuka. Babanta ya ce a dakatar da magana. A nan ta gaya mini abin da ban sani ba. Da can babanta manomi ne a garin Khaddamari. Lokacin tashin hankali ya baro gonarsa, ya yi ta yawo da iyalinsa daga gidan wannan ɗan'uwa zuwa na wancan, har a ajin makaranta sun kwana, kafin ya samu ya kafa gidan Umarari. Ya rantse ba zai ba da 'yarsa ga wanda ba shi da ƙofar da za a ƙwanƙwasa ba.

Na ce to, bari in fara sanin abin da aka laƙaba mini. Na je wurin tsohon malaminmu na Turanci. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce asalin kalmar ta makiyaya ce, irin Shuwa da Fulani masu bin ciyawa da ruwa da shanunsu, rani a wani wuri, damina a wani. Ba zagi ba ce. Akan kuma are ta a yi wa mai yawan tafiya, amma cikin raha, tsakanin abokai.

"Malam, a gaban suruki fa?"

"A gaban suruki, ko ni da na koyar da ita ba zan faɗa ba."

Kuskuren da na yi shi ne na gaya wa abokina wannan bayani. Ba tare da ya shawarce ni ba, ya koma Umarari wai zai gyara. Ya shaida wa dattijon cewa ma'anar kalmar makiyayi ce. Da yamma yayan yarinyar ya kira ni ya ce, "Baba na tambaya, shanun naka a ina suke, kuma a wane daji za ka ajiye ƙanwata da damina?"

Ni da ko akuya ba ni da ita. Na zauna a ƙofar gida na dafe kai. Yini guda na koma marar gida, yanzu kuma na zama mai garke.

Mahaifiyata ce ta gaji. Ta ce, "Kai da abokinka ku rufe bakinku, kun isa haka." Ta yafa mayafi, ta hau keke mai ƙafa uku ta tafi Umarari ita kaɗai. Ban san duk abin da suka tattauna ba. Ta dai ce ta roƙi dattijon ya zo ya gani da idonsa.

Ya kuwa zo bayan sallar Juma'a. Ya zagaya tsakar gida, ya leƙa ɗakin da na fara gyarawa, ya tsaya ƙarƙashin bishiyar darbejiyar da mahaifina ya shuka kafin ya rasu. Ya dafa ta ya ce, "Wa ya dasa wannan?"

Na ce, "Babana ne."

"In ka tafi gyaran famfon, nan kake dawowa?"

"Nan nake dawowa, Baba."

Ya gyaɗa kai. "To me ya hana ka faɗi haka tun farko?"

Na so in ce ba a ba ni dama ba, amma na haɗiye. Aka ci gaba da maganar aure.

Tun daga nan, idan aka kira ni da sunan da ban gane ba, ba na murmushi sai na tambaya. Kuma na gane cewa abin da ƙamus ya ce daban, abin da kunnen mutum zai ji daban. Abokina ya faɗi kalma don burgewa, dattijon kuwa ya ji ajin makarantar da ya kwana da 'ya'yansa.

Har yau muna tare da abokin nan nawa, kuma har yau bai ba ni haƙuri ba. Duk ranar da zancen ya taso sai ya gyara zama ya ce, "Amma dai ka yarda a Turance daidai na faɗa." Matata kan riƙe mini hannu, kada in kai masa duka.